Maɗinkin da Ba a Kira Ba

Ƙarfe ɗayan dare a Durban.
Jiragen ruwa sun yi layi a bakin teku, fitilunsu kamar garwashi,
Zinhle Mkhwanazi kuwa ba ta tashi daga gaban kwamfuta ba.
Shayinta ya huce tun ɗazu.
Tana jujjuya wani abu a fuskar gilashi,
abin da ido bai taɓa gani ba
sai da aka daskarar da shi, aka ɗauki hotonsa sau dubu ɗari.

Intagires sunansa a takarda.
Ita dai maɗinki take ce masa.

Ga kansa: ƙwayar tutiya guda,
yatsu huɗu sun riƙe ta kamar mai tsintar tsaba.
Ga cikinsa, inda aikin yake,
hannuwa uku sun tallabi duwatsu biyu na maganiziyam,
nan ne kaifin, nan ne kafar allura.
Ga wutsiya, mai danne zare kada ya suɓuce.
Shi kaɗai ba ya tsinana komai.
Sai sun taru, sun sarƙe da juna,
sun cafke bakin zaren cuta, wannan gefe da wancan.

Da farko datsa yake yi.
Baƙi biyu daga kowane baki, ƙyas, ya zubar,
kamar tela ya gatsa zare da haƙori kafin ya zura.
Sannan ya kutsa ƙuryar ɗaki
inda jiki ke ajiye dogon zaren gadonsa,
wanda uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi.
Bai san hanya ba.
Amma da ɗan gari akan ci gari:
wani furotin na gidan ne ke riƙe masa hannu
ya kai shi inda aka fi karatu.

Ya tsaga nan, ya tsaga can, taku biyar tsakani,
ya soka nasa.
Abin da ke hana Zinhle barci shi ne sauran:
'yan ramukan da ya bari,
jikin ne da kansa ke zuwa ya like su,
tsakani da Allah, yana zaton gyara yake.

Ƙanenta Lwazi yana tuƙa bas daga Umlazi zuwa cikin gari.
Ran nan kan tebur, yana ɓare lemo, ya ce,
shekara tara ina haɗiyar ƙwaya,
ku da kuka ga fuskarsa, me zai hana ku warware?
Ta daɗe tana kallon ɓawon lemon.
Ta ce, ɗinkin ya riga ya zama rigar.
Wanda ya shiga ya kwanta, ya yi shiru, bai da wari.
Ƙwayarka ba ta farke tsohon ɗinki,
zuwa take ta zauna kan duwatsun nan biyu,
ta ture bakin zaren gefe,
maɗinki ya ɗaga allura, ya rasa abin sokawa.
Lwazi ya yi dariya, ya ce, ashe ɗan kamasho nake sha,
mai tare ƙofa ya ce mota ta cika.

Yau a jinin wata mata da ba ta san sunanta ba,
lamba ce kawai a jikin kwalba,
ta ga baƙi ɗaya ya sauya
a gurbi na ɗari biyu da sittin da uku.
Ta matso da hoton. Ta auna. Ta sake aunawa.
Kujerar maganin ta ɗan karkace,
kaɗan, kamar gashin gira,
amma maɗinkin ma hannunsa ya yi nauyi.
Ta rubuta duka biyun, ba ta zaɓi mai daɗin ba.

Asuba ta fara wanke rufin tashar jiragen.
Mai shara ya shigo da bokiti, ya gaishe ta da Zulanci.
Wayarta ta yi ƙara, kalma biyu daga Umlazi:
Na sha.
Ta kife wayar, ta zubar da shayin,
ta ɗora wani ruwan.