Ɗinkin da Ba Ya Jini

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke mutane
a gidan likita na Damagaram:
goshin yaron da ya faɗo daga dutse a Birni,
ƙwaurin ɗan kabu-kabu,
tafin mahaucin da wuƙa ta yi wa gardama.
Ranar da na aje aiki, hannuna bai ji labari ba.
Da asuba sai in tarar da yatsuna
suna ƙulla zaren da babu a bakin mayafi.

Lawali tela ne ya cece ni.
Ran Alhamis, a kasuwar Dole,
ya turo mini buhu da ƙafa daga ƙarƙashin keke:
“Kwashe, Malam Isufu, dama shara za su.”
Ban biya ko dala ba.

Yanzu bayan la'asar, a zaure,
nakan baje su bisa tabarma kamar mai kasa goro:
shuɗiyar shadda, ragowar rigar wani ango,
atamfa mai zanen kifi, an datse wa kifin kai,
leshin da ya fi ƙarfin aljihun unguwarmu,
da wani ja da ba ya jituwa da kowa.
Kowane dangi akwai irinsa.
Na zaunar da shi kusa da baƙi, ya yi shiru.

Alhaji Gambo ya leƙo, ya ce,
“Namiji da furfura, ka ƙare a tsumma?”
Na ce ya ɗaga hularsa
ya shafa aikina na shekarar da mota ta kife a hanyar Mirya.
Bai tanka ba.
Washegari ya aiko mini da tsohuwar jabbarsa.

Ƙyalle ba ya kuka.
Ba ya kiran uwarsa, ba ya jini,
ba mai tsayuwa bakin ƙofa yana tambayata ko zai tashi.
In layi ya karkace, in warware in sake.
Wannan gatan, fata ba ta taɓa ba ni shi ba.

Amma allura takan tono garma.
Wani dare na buɗe adakar Cima
ina neman koren da zan cike kusurwa,
sai ga zanen da take ɗaurawa in za ta soya alkaki,
da ƙunar tartsatsi biyu a gefe,
har yau da sauran hayaƙi a jikinsa.
Na ɗauki almakashi. Na aje.
Na sake ɗauka.
Ladan ya kira lisha, ya gama,
almakashi na hannuna baki buɗe.
Ni da hannuna bai taɓa rawa a kan mai rai ba.

Fasuma jikata ke zura mini zare yanzu,
tun bara kafar allura ta ƙanƙance.
Ita ta zare almakashin daga yatsuna:
“Kaka, kar ka zubar da wajen ƙunar.
Sa shi a tsakiya.”
Shekararta tara.

Haka aka yi.
Saura kamu biyu bargon ya kai tsawon mutum.
Bayansa ba kyan gani,
ƙulli kan ƙulli, bakin zare ko'ina,
wanda ya juya shi ya san ban iya ba.
Amma in an ɗauke wuta, ɗari ya gangaro daga duwatsu,
mukan ja shi mu biyu tun bai ƙare ba,
allura na soke a gefe.
Ita ta zura yatsa a ƙunar kakarta
tana haddar darasin lakwal da hasken salula,
ni ina ƙirga ƙyallayen da suka rage a buhu.

Kwanan nan ina rage sauri.
Jiya ma na warware layin da ba shi da laifi.