Makon Kogi

Shugaba ya ce, "Malama Lantana, asusu a bushe yake,
amma ki shirya mana makon karatu."
Na dubi kantocina bakwai, biyu gara ta cinye musu ƙafa,
na leƙa taga, na hango gadar Kaduna,
motoci sun yi jerin gwano a kanta.
Na ce, to, bana kogi za mu karanta.

Na ɗauko tsohon zani shuɗi da innata ta daina ɗaurawa,
muka shimfiɗa shi daga ƙofa har gindin kanta ta ƙarshe.
Na ce duk mai shigowa ya tuɓe takalmi,
nan ruwa ne.
'Yan aji ɗaya suka yarda nan take.
'Yan aji shida suka taɓe baki,
sai dai ban ga wanda ya taka da takalmi ba.

Sagir, wanda ko jarida bai taɓa ara ba,
ya yanko mana kada daga kwalin taliya,
ya jera masa haƙoran takarda, ya bar bakin a wangale.
Doka ɗaya ce: in ka gama littafi,
rubuta jimlar da ta cije ka, ka jefa masa.
Kafin Laraba cikin kadanmu ya yi tulu.

Baba Shekwolo ya zo daga Kabala,
koma a kafaɗa, ƙarnin kifi na biye da shi.
Bai san ko bihim ba.
Ya zauna kan tabarma ya karanta musu ruwa:
inda ya yi tsit, nan zurfi yake,
inda yake yawan surutu, bai wuce gwiwa ba.
Zugwai ta duƙa tana rubutawa, shafi huɗu cur,
da ya miƙe zai tafi, ta karanto masa maganarsa.
Ya daɗe yana kallon takardar.
"Ashe ni ma ina da littafi?"
Yana nan a kanta ta uku, ɗinke da zaren buhu.

Ba duka ne ya tafi daidai ba.
Kacici-kacici ya rikiɗe ya zama rigima,
Murja ta sha kuka a kan maki ɗaya tak.
Ran Alhamis aka ɗauke wuta, sama ta ɓalle,
rufin da na shekara uku ina kai ƙararsa
ya tsiyayo a tsakiyar zanin.
Wani ɗan ƙarami ya yi ihu, "Malama, kogin ya kawo!"
Muka kwashe littattafai muna dariya,
muka ƙarasa babin a tsaye, da fitilar waya.

Na kuma ce kowa ya nemi abokin karatu
daga ɗaya tsallaken gada:
'yar Kawo da 'yar Barnawa,
ɗan Tudun Wada da ɗan Kakuri,
littafi ɗaya, shafi naka, shafi nawa.
Bobai da Sagir, da gaisuwa ma ba ta haɗa su,
na tarar da su bayan an tashi,
gardama ta kaure
kan ko mai kwale-kwalen cikin labarin ya kyauta.
Ban raba su ba.
Na ja ƙofa a hankali.

Ran Juma'a muka farke cikin kada.
Takarda ɗari da sha bakwai.
Ɗaya ba daga wani littafi ta fito ba,
rubutun ma a karkace:
"Malama, don Allah kar a naɗe zanin."

Na naɗe shi, dole, ya yi ta neman wanki.
Shugaba ya ce, baɗi fa?
Na ce akwai layin dogo, akwai tsohuwar masaƙa,
garin nan bai ƙare ba.

Litinin da safe na iso da makulli a hannu,
raɓa ba ta gama bushewa ba,
na tarar da takalma tara jere a bakin ƙofa,
masu su a tsaye, ƙafa ba komai,
suna jira in buɗe musu ruwa.