Tiya-Tiya

Famfonmu na Garin Malam
ba ya magana sai ƙarfe uku na dare.
Sai ya yi tari tukuna, kamar tsoho,
ya tofar da iska, sannan ruwa.
Ni kuwa na jera bido shida,
na zauna kan turmin da aka kifa,
cocila a haƙori, littafin Inna a cinya.

An raba shi kashi-kashi,
kowace rana da rabonta:
kwanan wata a sama, shafi biyu a ƙasa.
Inna Afiniki takan ce,
"Ba a cin rumbu a zama ɗaya.
Tiya-tiya ake ɗiba, har damina ta zagayo."

Hannunta na nan a gefen shafuka,
jan biro, rubutun wadda ta bar lakwal a aji huɗu.
Uku ga Afrilu: hatsi ya haura jika.
Tara ga Yuli: Natan ya ci jarrabawa, na gode.
A wani wurin tabon miyar kuka
ya haɗiye rabin aya,
har yau da ka nake ƙarasa ta.

Ba zan yi ƙarya ba, ina fashi.
In ɗinki ya taru mini a shago
kalanda na cewa Agusta,
ni ina can baya, ina jan ƙafa
kamar jakin da aka lafta wa yashi.
Na taɓa haɗa kwana biyar a dare guda.
Da gari ya waye ko kalma ban riƙe ba,
ɗiban ruwa da kwando.

Wata rana shafin kan faɗo daidai kan ciwo,
in rasa wa ya gaya masa.
Wata rana kuma awon labule ne kawai,
kamu nawa, zobe nawa, zare wane launi.
Ni tela, sai in yi murmushi:
ashe can ma sai an auna ake yankawa.

Ta bayan katanga Malam Lawali
yana jiran nasa ruwan, ina jin carbinsa.
"Maƙwabci, ya zo?"
"Da saura."
Kowa ya koma ga abin da ke hannunsa.

Yau sha huɗu ga Oktoba.
Nan takardar maganinta take, ninki huɗu,
inda ta soke ta don ta dawo.
Daga nan jan biro ya ɗauke.
Nuwamba fari fat, Disamba fari fat.

Karatun yau kuwa sunaye ne zalla.
Wane ya haifi wane, wane ya haifi wane.
Shekarar farko na rufe shi da fushi.
Na zo neman lallashi,
aka miƙo mini rajistar ƙidaya.
Shekara ta biyu na tsallake, na yi kamar ban gani ba.

Bana na karanta su da murya,
ɗaya bayan ɗaya, harshe na sarƙewa.
Mutanen da ba a faɗi aikinsu ba,
ba a ce sun yi yaƙi ko sun gina gari ba.
Wataƙila wata a cikin gidajensu
ita ma ta kwana tana jiran ruwa.
Amma ga su, ba a yar da ko ɗaya ba.

Da na kai ƙarshen layi
ban iya tsayawa ba.
Na ce, Afiniki, ta haifi Natan, ta haife ni.
Ban rubuta ba. Faɗa na yi,
kuma na san an ji.

Sanyi a ƙafata ya dawo da ni.
Bido ya cika, yana ambaliya.
Duwatsun Birni sun fara fitowa daga duhu,
ladan ya ɗaga murya,
Malam Lawali na jan butarsa.

Na juya shafi, sha biyar ga wata,
gefen da babu kowa.
Biron awona shuɗi ne, yana bayan kunne.
Na rubuta ƙanana:
ruwa ya zo huɗu saura kwata.