Shafin da Na Tsallake

A soron gidanmu na Yakasai,
shekarar da wuta ta yi yaji har muka manta da makunni,
ni ne silimar Gwaggo Yalwa.
An idar da isha'i, ta baza tabarma, ta ce, "Buɗe mana."
Littafin haya ne da ban taɓa mayarwa ba,
bangonsa ɗinkin zare da allura,
wani ya ɗiga masa manja a shafi na tara.
Ni da fitilar ƙwai, ita da ɓarin goro.
Ba ta san baƙi ɗaya na boko ba,
amma ta san Tasalla fiye da wanda ya rubuta ta:
baƙa ce, in ji ta, mai wushirya,
tana ɗan jan ƙafar hagu,
in ranta ya ɓaci sai ta hau wanke-wanke.

Sai aka ce an yi fim.
Na taka har Bata na sayo kaset,
muka aro bidiyon maƙwabta,
yara suka cika tsakar gida har bakin murhu.
Ga Tasalla fara sol, takalmi mai tsini,
tana rawa a gindin fulawa,
ruwa na zuba a kanta ba damina ba.
Gwaggo ta furzar da goro:
"Wannan ko tsintsiya ba ta taɓa riƙewa ba.
Ku mayar musu da 'yarsu, a ba ni tawa."

Shekara ashirin ina ɗauke da maganar nan
majalisa-majalisa.
A teburin Ɗanliti mai shayi na ce fim ɓarawo ne,
ya shiga littafi ya kwashe tufafi ya bar mai ɗakin.
Sabi'u tela ya ce tsufa ke damuna,
shi in an yi duka, kuɗinsa sun fita.
Malam Hadi ya fi son na Indiya da aka juya wa harshe,
don jarumin ba ya mutuwa sai ya gama jawabi.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi.
Shayi ya huce, kowa na nan kan bakansa.

Bara suka sake yin sa, zango-zango.
Nazifi ɗana ya je Fam Santa aka tura masa a waya,
ya kai wa Gwaggo, wadda yana ta rufe wa idanu,
ya kara mata a kunne, dare bayan dare.
Ranar ƙarshe na laɓe a bakin labule ina jiran hukunci.
Tasalla ta cika a kan bencin asibiti, katinta a hannu.
"Maƙaryata!
Tasalla ta warke, ta kama ƙuli-ƙuli,
har Makka ta je ta dawo da haƙori."

Nazifi ya ce, "Ai haka yake a littafin, Gwaggo.
Yana ƙasan akwatin Baba, na karance shi."

Ni kuwa sai gumi.
Na tuna daren: kananzir ya kusa ƙarewa,
wata uku da binne Lantana, 'yarta tilo,
na hango mutuwa tana tahowa a shafi na gaba,
na lashi yatsa, na haɗa ganye biyu na juya.
Na ƙagi magani, na ƙagi jari, na ƙagi jirgi,
idona kan takarda, bakina a wani gari.

Ta juyo inda take jin numfashina.
"Au. Kai ne?"
Na ce ni ne.
Ta daɗe tana jan carbi.
"To, naka ya fi nasu.
Sai dai ka cika gaggawa.
Tun daren nan nake tambayar kaina,
wa ya biya kuɗin asibitin?"

Yanzu in an taso da zancen a teburin shayi,
sai in miƙa kofi,
in ce Ɗanliti ya ƙara mini siga.