Taku Ɗari Huɗu

Turken da Baba Tanko yake ɗaure kwale-kwale
yana nan, bai gusa ba.
Ruwan ne ya yi ƙaura.
Shekarar da aka yi mini kaciya, igiya kamu uku ta isa.
Bara na auna da ƙafata, taku ɗari biyu da ɗoriya.
Bana ɗari huɗu,
har da tsallake busasshiyar ƙaguwa.

Ni ne Barau mai gyaran inji.
Ranar kasuwar Misau rumfata ba ta rabo da jama'a:
wannan filoginsa ya jiƙe, wancan mesarsa ta fashe.
In kwance, in ɗaura, in ja igiya,
ya yi tari sau biyu ya tashi,
a goya shi a babur, sai bakin kogi.

Can sama, inda kogin ke lanƙwasa kafin ya iso mu,
Alhaji Bappayo ya datse shi da buhunan yashi,
ya tsaga masa hanya zuwa fangalin shinkafa.
Bayansa wani. Bayan wanin ma wani.
Kowa cewa yake, ni kurɓi ɗaya na yi.
Haka ƙwarya ke ƙarewa a gidan yawa,
ba a san bakin da ya shanye ba.

Ban ga laifin shinkafa ba, tuwonta na ci daren jiya.
Da kuɗin gyara na rufa wa Inna Dudu kwano,
na biya wa Ladidi jarrabawa.
Sai dai murhun da Inna ke bandar tarwaɗa,
kaza ce ke kwanci a ciki,
kifin miyarmu kuwa daga kwali yake fitowa da ƙanƙara.

Kirinjijiya ta zo da sanyi,
ta kewaya, ta kewaya, ba ta sauka ba.
Inda bado ke fure an shuka kankana,
mai ita ma ya kawo mini injinsa.

Idanun Baba sun tafi.
Da la'asar yakan ce in kai shi bakin ruwa.
Ina riƙe da sandarsa, laka na ɓarewa ƙarƙashin sawunmu,
sai ya tsaya daidai turke, ya shafa kansa,
ya ce, "Yaro, ban ji ƙarnin ruwa ba."
Na ce, "Iska ce ta juya, Baba."

Ya lalubo hannuna ya kai hanci,
ya shaƙi fetur da baƙin mai.
Ya daɗe bai sake ni ba.

Sannan ya ce, "Mu ƙarasa.
Ƙirga mini."