Muryar Malam Mudi

Ni ne Tasi'u, ɗan mai faci na bakin tashar Daura.
Ban je Zariya ba, ban leƙa Kano ba,
kuɗin fom ma sai da tunkiyar inna ta tafi kasuwa.
'Yar kwalejin bayan gari ce ta karɓe ni.
Da safe in riƙe biro,
da yamma in danne wa baba tayar babur,
hannuna rabi tawada, rabi baƙin mai.

A shekara ta uku aka miƙo mini takarda:
je ka ƙauye, ka gwada koyarwa.
Na hau a-kori-kura ta hanyar Sandamu,
tsakanin buhun gero da akuya mai ƙorafi,
littafin tsara darasina fes, ko lanƙwasa babu.

Aji huɗu. Yara tamanin da bakwai.
Benci shida, saura a kan buhu.
Na zazzage duk abin da na haddace,
na daka tsawa, na bugi tebur,
kafin a kaɗa ƙararrawar tara
muryata ta dishe, ta bar ni tsaye.

Ashe a taga wani dattijo na kallo,
Malam Mudi, shekara talatin da ɗaya yana shaƙar alli.
Bai ce na yi kure ba.
Citta da kanumfari ya miƙo a ƙullin leda,
ya yi magana da raɗa, don raɗar ce ta rage masa:
"Ɗan nan, murya jari ce, ba a cinye ta a kasuwa ɗaya.
Ni na cinye tawa."

Ya shiga ajin, ya ɗaga yatsa,
ya tafa sau biyu, ya jira.
Shiru ya sauka kamar an rufe tukunya.
Har Ɗanliti na layin baya ya daina ɓare gyaɗa.

Ba a ba mu wannan a jarrabawa ba.

Ran Alhamis in an tashi,
shugaba Malama Barira ba ta barin kowa ya sulale.
Tabarma a gindin darbejiya,
butar shayi ɗaya, kofi uku, malamai bakwai.
Ba a zancen rajista, doka ce.
Malam Sabi'u ya ce mai shago ya daina amsa masa sallama.
Malama Hinde ta ce kwana huɗu ba ta runtsa ba, goyonta na tari,
nan take aka yanyanka ajinta na Litinin,
kowa ya ɗauki nasa yanki,
ba takarda, ba hatimi.
Kwasar adashe ta faɗo kan Malam Mudi,
tabarau zai yanko a Katsina,
ya gaji da ganin bakwai tana rikiɗa ɗaya.

Albashi kuwa yana tafe, in ji su,
irin hadarin da ke haɗuwa a kanmu
ya je ya zuba a gonar wasu.

Ranar da zan koma na ce,
"Malam, me ya hana ka gudu?"
Ya daɗe yana kakkaɓe hannun riga.
"Na gudu mana. Na kafa tireda a Mai'aduwa.
Yaro ya zo sayen sabulu, ya kasa lissafa canji,
sai ga ni tsugune ina zana masa a ƙasa da tsinke,
masu saye sun gaji sun watse.
Amma ka ji, randar da kowa ke ɗiba
tana son mai zuba mata.
Ran da ka ji moɗa na kankarar gindi, ka faɗa.
Ƙishin malami ba abin kunya ba ne."

Yanzu ina zangon ƙarshe.
Malamarmu ta ce kowa ya rubuto abin da ya koyo.
Abokaina sun cika shafi goma-goma,
nawa bai kai biyu ba,
sai na ɗora ƙullin cittar a kai.
Ta ɗauka, ta sunsuna,
ta daɗe ba ta ce komai ba,
hannunta a kan maƙogwaronta.