Jego a Coventry

Ƙarfe uku da kwata.
Bututun hita na ƙwanƙwasawa kamar baƙo mai jin nauyi,
ni kuwa ina auna falo da ƙafa,
taku bakwai zuwa taga, bakwai zuwa ƙofa.
Nauyinki bai wuce tiyar gero ba,
amma kin tanƙwara ƙato.

Inna ba ta samu biza ba.
Ni ne kaka, ni ne mai ruwan jego,
butar lantarki sau tara kafin baho ya yi rabi.
Na dama kunu, Inna na leƙe ta waya:
"Kanwar ta yi yawa, ɗan nan."
Rakiya ta kurɓa, ta yi dariya
har ɗinkin ya tuna mata da kansa.

Ragonki a Funtuwa aka yanka.
Mun ga hayaƙin suya a allon waya,
muka ɗumama shinkafar jiya.

Litinin zan koma tuƙin bas.
Mako biyu suka ba ni, wai ya isa a saba.

Ranar da kika zo na raɗa miki kiran salla,
murya na rawa, nas ta kau da kai ta ba mu wuri.
Yanzu ke ce ladan, ba kya duba agogo.

Ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba,
kunya ta riƙe masa harshe har kabari.
Nan babu idon kowa,
sai ruwan sama da fitilar titi.
Zulaihatu.
Bari in sake.
Zulaihatu.